Shekarar da Garba Ya Ci Ni Yana Kabari

Akwai wata ƙusa a jikin ginshiƙin rumfata a Kasuwar Ose, sama da inda muke jera buhunan albasa, wadda ba a taɓa rataya komai a kanta ba. Kun sha tambayata ta mece ce, na sha ce muku ku rabu da ni. Na kuma san labarin da Baffa Uba na Ogbete yake ba ku duk ranar da ya zo Anacha ya cika cikinsa da tuwon mahaifiyarku, wai ubanku mutum ne mai amana, wai da gangan na bar wa aminina Garba nasara bayan rasuwarsa. Labarin yana da daɗin ji, har Fatakwal an kai shi an ƙara masa gishiri. To, ƙarya ce tsagwaronta. Ban bar wa Garba komai ba, kuma ba na so ƙasa ta rufe idona kuna yabona da abin da ban yi ba. Shi ya sa na ce a cikin wannan tarihin sai na ware wa shekarar nan babinta.

Ni da Garba mota ɗaya ta kawo mu Kudu, a saman tirelar shanu, muna samari, kowa da 'yar jakarsa. A bakin gada muka sauka, nan Head Bridge, muka yi dako tare, muka tura baro tare, muka kwana a kan kwali ɗaya a barandar wani shago. Daga baya shi ya bi mahauta zuwa Fatakwal ya shiga kwata, ni na maƙale wa albasa. Garba irin mutanen nan ne masu ƙashin arziki da farin jini. In ya shiga wuri sai a matsa masa, in ya yi dariya sai wanda bai ji zancen ba ma ya taya shi. Ya riga ni aure, ya riga ni gina gida a garinmu, ya riga ni zuwa Makka, har furfura ma ya riga ni, kuma ta yi masa kyau. Ina ƙaunarsa, Allah shi ne shaida, amma kishinsa nake yi tun muna kan kwalin nan. Ba hassada ba ce, ban taɓa roƙon ya rasa ko tsinke ba. Ni dai so nake in wuce shi a abu ɗaya, yana raye, yana kallo.

Wasan ƙwallon waya kuwa Uba ne ya kawo mana shi, mai shagon kayan masarufi a Ogbete ta Inugu, wanda ya ɗan taɓa boko kuma ba ya bari a manta. Lokacin duk mun riga mun kamu da ciwon kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo. Ga wanda zai karanta wannan bai san abin ba: kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske ya haɗa ƙungiyarsa a cikin waya, in ɗan wasanka ya ci ƙwallo a can, kai ma ka samu maki a nan. Duk mako za ka iya sallamar wani ka ɗauko wani, ka kuma naɗa kyaftin, wanda ake ninka maka makinsa. A ƙarshen kaka wanda ya fi maki shi ne gwani. Muka haɗu mu 'yan garinmu da ke warwatse a Anacha da Inugu da Fatakwal, dillalan shanu, masu albasa da barkono, mahauta, muka buɗe namu zauren a waya. Ni aka ba riƙonsa, wai na fi kowa tsare doka, ni ke shigar da mutum ni ke fitar da shi. Tun ranar farko muka ce ba za a sa ko sisi ba, kada abin ya zama caca. Sai Garba ya kawo ƙahon wani jan sa na Bororo da aka yanka a kwatarsu, tsawonsa ya kusa hannun mutum, ya goge shi da man gyaɗa har yana ƙyalli, ya ce ga kofinmu. Shi ne kuma ya kafa sharaɗin da ya zame min ciwo shekara da shekaru. Wanda ƙahon ke hannunsa, in aka kayar da shi, ba zai aiko da shi a motar albasa ba. Da ƙafarsa zai je har rumfar wanda ya ci, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban jama'a, ya miƙa da hannu biyu.

Shekara ta bi shekara, ƙahon bai san hanyar Anacha ba. Abin da ke ci min rai shi ne ni nake wahalar. Ni ne mai sauraron labarin wasanni a rediyo, ni ne mai bincikar wanda ya ji ciwo da wanda aka dakatar, ni ne mai juya shawara ranar Juma'a, kafin a rufe zaɓen mako, har a kira sallah. Garba kuwa da ido yake zaɓe, yadda yake zaɓen sa a kara. Zai ce wannan yaron ƙirjinsa ya yi min, shi ke nan, kuma sai yaron ya yi ta ci. Sau da yawa shi ne na ɗaya ni ne na biyu, har sunan ya bi ni. Duk ranar Litinin ina cikin ciniki sai saƙon muryarsa ya faɗo zaure, ana jin saran ƙashi a bayansa.

"Na-biyu, barka da hantsi. Yaya ƙura? Ka yi haƙuri, gobe zan sa a yayyafa maka ruwa a hanya."

Jama'a su yi ta dariya, ni ma in tura tawa, in ajiye waya in huce a kan mai sayen albasa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Har gida sunan ya shiga. Mahaifiyarku in ta so tsokana sai ta dire min kwano ta ce Alhaji Na-biyu ga abinci. Wata shekara Uba ya ci, Garba ya hau mota har Ogbete ya durƙusa masa a tsakiyar kasuwa, maƙwabtansa 'yan Ibo suna ɗaukar hoto suna tambaya ko naɗin sarauta ake. Na kalli hoton nan har wayata ta mutu. Ba ƙahon nake kallo ba, gwiwar Garba nake kallo a ƙasa, ina jin haushin ba a gabana ya kafa ta ba. Shekara na zagayowa kuwa ya karɓi kayansa ya koma da shi Fatakwal.

Sai shekarar da nake ba ku labari ta zo. Tun farkon kaka duk wanda na taɓa sai ya yi min aiki. Kafin a kai rabi na ba kowa rata, Garba yana can baya yana lalube. Dalili kuwa taurin kansa ne. Akwai wani dogon ɗan gaba da muke kira Raƙumi saboda wuyansa, ya ji ciwo a gwiwa, kowa ya sallame shi, Garba ya ƙi. Ba riƙe shi kawai ya yi ba, a kyaftin ya bar shi, mako bayan mako ana ninka masa iska. Ya ce shi ba ya rabuwa da dabba mai kyau don ta yi ɗingishi. Na yi masa dariya har na gaji, na ce Raƙumin nan ko kyauta aka ba ni ba na so. A lokacin ne na sayi ƙusar nan na buga ta da hannuna, na ɗauki hotonta na tura masa. Ya kira ni yana dariya har yana tari.

"Sabo, tun ba a yanka san ba ka buga ƙusa? To ka share gaban rumfar da kyau, ba na son ɓawon albasa ya ɓata min wando."

Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Wata Talata da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a kwata, hawan jini, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na bar rumfa a buɗe na hau motar Fatakwal, amma kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa. Na zauna a tabarmar makoki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Kuma tunda na ce gaskiya zan faɗa, a cikin kukan nan na ɗaga kai na hango ƙahon a rataye a bangon falonsa, zuciyata ta ce min, yanzu wa zai durƙusa maka? Na yi a'uziyya, amma na ji abin da ta faɗa.

Zauren ya yi tsit na wani lokaci, sannan aka fara leƙowa a hankali, don ƙwallo ba ta san an yi mutuwa ba. Uba ne ya fara lura. Ƙungiyar Garba tana nan yadda ya bar ta, wayarsa a kulle ba wanda ya san lambar buɗewa, kuma na'ura ba ta tambaya ko mai ƙungiya yana numfashi. Raƙumi ya warke ya dawo fili kamar an aiko shi. Wannan makon ya ci biyu, na gaba ya ƙara, kuma duk ana ninka wa Garba. Sunan da ke can ƙasa ya fara hawowa, ya wuce wannan, ya wuce wancan. Sai zauren gaba ɗaya ya koma bayan mamaci. Duk ƙwallon da Raƙumi ya ci sai ka ga an cika waya da Allah ya jiƙan Garba, Garba ikon Allah. Ni da nake kan gaba karo na farko a rayuwata, ba wanda ya ce min ko sannu. Na saba kishin mutumin nan yana raye, ban san ana kishin na kabari ba sai a shekarar, kuma ya fi ciwo, don ba ka da bakin ramawa.

A nan ne wani dattijo a cikinmu, Malam Isa dillalin shanu a Inugu, ya yi magana. Ya ce bai dace ba bawan Allah yana kwance a yi ta ihu da sunansa a wasa, a cire ƙungiyar kawai a ci gaba da yi masa addu'a. Maganarsa tana kan hanya, wasu suka goya masa baya, kuma ni ke da ikon cirewa. Danna yatsa ne kawai, ba kuma wanda zai zarge ni tunda ba ni na kawo zancen ba. In Garba ya fita, babu sauran mai kamo ni. Na wuni ina juya maganar a kan buhun albasa. Washegari na ce Garba da mu ya fara kakar nan, da mu zai gama. Aka yi ta sa min albarka, har Malam Isa ya ce ya janye. Ba su san abin da ke raina ba. In na cire shi na ci, har abada za a ce Sabo bai ci ba sai da aka fitar da Garba daga fili. Ni ba ƙaho nake nema ba, ƙaho ga shi nan zube a kowace kwata. Garba nake so in kayar, kuma wannan ce damata ta ƙarshe, don baɗi ba zai haɗa ƙungiya ba.

Aka shiga makon ƙarshe ina sama, yana bina dab da dab, rata 'yar kaɗan. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Uba a rumfata, ya zo sarin barkono, ya ja ni gefe. Ya ce abin ai a fili yake, mamaci ba ya canza shawara, tun yanzu na san kyaftin ɗinsa. In ɗauko Raƙumi ni ma in naɗa shi, duk abin da ya ci wa Garba ya ci min, ratar ba za ta motsa ba, ƙaho ya zo Anacha. Ya ce ko ɗan goye ya san wannan dabarar. Na ce na ji. Da na koma gida na tarar da mahaifiyarku tana tsince shinkafa, na kwashe duka na gaya mata, don ko ba ta san ƙwallo ba ta san ni. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To ka ɗauki Raƙumin mana, Alhaji. Ko tsoro kake a ce Garba ne ya zaɓa maka?"

Ta taɓa inda ke min ciwo. Bayan duk dariyar da na yi masa, yanzu in je in raɓe a bayan zaɓinsa, in ci da idonsa? Ai shi ya ci ke nan, ni riƙe masa ƙahon kawai zan yi. Na ce mata wallahi ko zan mutu Na-biyu ba zan sa Raƙumi ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take yi wa wanda zai fita da damina ba lema. Na zaɓi nawa kyaftin, wani gajere mai gudun tsiya da ya yi min aiki duk shekara, wanda zai kara da ƙungiyar da ta riga ta faɗi ba ta da abin karewa. Na auna, na sake aunawa, na gamsu. Ku riƙe wannan da kyau, don in ci na zaɓe shi.

Ranar Lahadi duk wasannin lokaci ɗaya ake bugawa, da la'asar. Muka yi sallah muka shiga gidan kallon da ke bayan Head Bridge, ruwa yana dukan kwano, janareta yana tari, 'yan dako sun cika benci suna musu da Hausa da Broka. Talabijin biyu ne a gaba, nawa a hagu, na Garba a dama. Gajerena ya buga ta daki ƙarfe, ya sake bugawa gola ya ture, bayan hutun rabin lokaci kocinsu ya cire shi wai yana ajiye shi don wani wasa. Raƙumi kuwa bai yi komai ba, yawo kawai yake a fili kamar wanda ya zo kallo. Har na fara gyara zama, na fara tunanin irin igiyar da zan ɗaura wa ƙahon. Ana dab da tashi aka yi bugun kusurwa, Raƙumi ya miƙa wuyan nan ya sa kai, sai raga. Kafin mutane su zauna aka ba su fanareti, ya ɗauki ƙwallon da kansa. Ban kalla ba, ihun ne ya gaya min. Wayata ta fara rawa a aljihu, kabbara daga Inugu, kabbara daga Fatakwal, wani har kuka yake a saƙon murya. Na fito cikin ruwan nan, ɗan acaɓa yana ta kirana, na wuce shi da ƙafa. Ba kewar aboki nake ji ba a lokacin. Haushi nake ji, tsantsarsa, ina tafe ina cewa Garba, ko a kabari ba za ka bar ni ba.

Da Uba ya duba ya ga ban sa Raƙumi ba, sai ya kasa yarda akwai mai hankalin da zai yi haka da niyyar ci. Shi ne ya faɗa a zaure wai Sabo ya yi abin da ba kowane ɗan'uwa zai yi ba, ya buɗe wa amininsa hanya. Na ce ba haka ba ne, aka ce kunya ce. Na sake musawa, aka ce kun ji ko, har ɓoye alherinsa yake. Wato an raba ni da nasara, faɗuwar ma ba a bar min ba.

Ba a daɗe ba ina zaune a rumfa sai ga Auwalu, babban ɗan Garba, wanda ya gaji teburin ubansa a kwata, da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya gaishe ni, ya cire takalmi, ya durƙusa a kan ɓawon albasa, ya fito da ƙahon ya miƙo da hannu biyu. Maƙwabtana suka taru, har mata masu doya na layin gaba. Ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko shi, sun ji abin da na yi wa Baba, ƙahon nan nawa ne, ni na ci na bayar. Na kalle shi, goshin ubansa ne, gwiwar ubansa ce a ƙasa, a daidai wurin da na daɗe ina sharewa a raina. Ƙusar tana saman kaina. Hannuna har ya motsa.

"Tashi, Auwalu," na ce masa. "Ban bar wa ubanka komai ba. Da dukkan ƙarfina na kara da shi, yana kwance bai ko motsa ba ya kayar da ni. Mayar masa da kayansa."

Ya ɗago ya kalle ni. Na zaci fushi zai yi. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake hawaye na zuba, dariyar Garba sak.

"Wato Baba da gaske ya ci?"

Na ce da gaske ya ci, kuma ya je ya gaya wa mahaifiyarsa haka. Ya naɗe ƙahon ya koma da shi a motar yamma. Ita ba ta ji daɗi ba, ta ɗauka na raina kyautarta, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma ban ga laifinta ba. Zauren ya yanke ƙahon ya zauna a Fatakwal, tunda mai shi ba zai iya zuwa ya durƙusa wa kowa ba. Uba ya sayo wani kofin roba mai ruwan zinare a Ogbete. Na ci shi tun daga lokacin, ba sau ɗaya ba, kuma kun san inda yake, a kicin, mahaifiyarku tana zuba daddawa a ciki. Karon farko da na ci shi, ranar Litinin na wuni ina duba waya kamar wawa. Ba wanda ya kira ni Na-biyu, ni ma ba ni da wanda zan kira haka.

Saboda haka ku daina ba 'ya'yanku labarin Baffa Uba. Ku ce musu kakansu ya yi kishin mutum ɗaya duk rayuwarsa, bai taɓa kamo shi ba. In kun gaji rumfar kada wanda ya zare ƙusar nan. Kabiru, kai ne babba, kai nake gaya wa, ka gaya wa sauran. In tawa ta zo ana tsakiyar kaka, ku yi min wanka, ku yi min sallah, ku yi min addu'a, amma kada wanda ya taɓa wayata, kada a cire ni daga zaure, kada a canza min kyaftin. Garba ya ci yana kabari. Ku bar ni ni ma in gwada.